Borin Jini Da Sankarar Huhu: Abin Lura Ga Mazauna Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki wanda ya miƙe har ƙasar Yauri, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni. A cikin wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da sunan wani sinadarin garkuwar jiki, watau IgE, wanda Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano a Amurka a 1966.

Wannan sinadari shi ne tushen borin jini. Idan ƙura ko garin fure ko wani abinci ya shiga jikin wanda ba ya jituwa da shi, sai IgE ya ta da ƙwayoyin garkuwa, mutum ya kama atishawa da ƙaiƙayi, wani ma numfashinsa ya riƙa sarƙewa kamar yadda masu asma ke yi da hunturu.

Masana sun daɗe suna tambaya, shin yawan IgE a jini yana tsare mutum daga sankara, ko kuwa yana jawo ta? Waɗansu suka ce garkuwar da ke farke kullum tana iya kashe mugayen ƙwayoyi tun suna ƙanana. Waɗansu kuwa suka ce kumburin da ya daɗe a hanyoyin numfashi shi ke share wa cutar fage. A kan wata sankarar ƙwaƙwalwa, bincike da dama sun nuna masu borin jini ba su cika kamuwa da ita ba. A kan ta huhu kuwa sakamakon ya saɓa wa juna, musamman da yake shan taba kansa yana ƙara IgE a jini.

To, a ƙasashen Yauri da Ngaski da Shanga akwai wani dalili na dabam. Tsutsar ciki da tsargiya, wadda ƙananan dodon-koɗi ke yaɗawa a ruwan da ba ya gudu, suna sa IgE ya hau ƙwarai. Saboda haka masunci ko manomin fadama da aka auna jininsa aka tarar da sinadarin da yawa, kada ya ɗauka sankara ce ta kama shi, kada kuma ya zaci ya tsira daga gare ta.

Abin da aka tabbatar shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ke haddasa wajen kashi 85 cikin ɗari na sankarar huhu, cutar da ta kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya a 2022. Tun 2006 kuma cibiyar binciken sankara ta hukumar ta sa hayaƙin itacen girki na cikin ɗaki a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara. Wannan ya shafi matan da ke yini a bakin murhu suna bandar kifi, da goyo a bayansu.

Lalle ya kamata malaman lafiya da na makaranta su riƙa jan hankalin jama'a su yi banda a fili inda iska ke ratsawa, su kuma nisanta yara daga hayaƙi. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko ya ga jini a majinarsa, ya hanzarta zuwa asibiti a fara auna shi don tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.