Ƙarfe a Cikin Rigar Katako

A garin Brumunddal na ƙasar Norwe akwai wani bene mai hawa 18 da aka kammala a 2019, tsayinsa mita 85.4. Sunansa Mjøstårnet, kuma kirarin da ake yi masa shi ne cewa ginin katako ne. Haka ne, amma da sauran magana. Duk inda manyan katakan suka haɗu, an tsaga su an zura fayafayan ƙarfe, sannan aka soke su tare da ƙananan sandunan ƙarfe. Ido ba ya ganinsu, alhali su ke riƙe da gaɓoɓin ginin.

Dabarar ta girmi benen nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 19 magina a Ingila ke sanya faifan ƙarfe tsakanin katako biyu, su ɗaure da noti, su sami bim guda mai ɗaukar nauyin da katako zalla ba zai iya ba. Ƙarfe ya fi katako ƙin lanƙwasuwa kusan sau 20, sai dai siririn faifai idan aka ɗora masa kaya shi kaɗai, karkacewa yake yi gefe. Katakon ne ke tallafe shi dama da hagu, kuma shi ke ba kafinta wurin buga ƙusa.

Batun gobara ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Ƙarfe ba ya kamawa da wuta, amma da zafi ya kai digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi kuwa katako mai kauri a hankali yake ci, ƙasa da milimita ɗaya a minti, kuma gawayin da ya taru a bayansa yana tare zafi. Ke nan abin da ke ƙonewa shi ne garkuwar wanda ba ya ƙonewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne danshi. Katako na kumbura da laima, ya motse idan ya bushe, ƙarfe kuwa ba ruwansa. A ƙasa irin tamu, inda damina da hunturu ke karɓa-karɓa, notin da aka ɗaure tam a kan ɗanyen katako a watan Agusta zai iya yin sako-sako kafin Janairu, ruwan da ya maƙale a tsakani kuma ya haifar da tsatsa a inda ba mai gani. A ganina, duk injiniyan da ke sha'awar wannan haɗi a nan, ya fara tambayar inda zai sami busasshen katako kafin ya tambayi farashin ƙarfe.