Bayani a kan tsagewar dubura da maganinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, akwai wata cuta da take kama mutane a ƙasarmu ta Kiyawa da Dutse, kunya ta hana su faɗa har ta tsufa a jikinsu. Jama'a suna ce mata basir, alhali ba shi ba ne. Basir jijiyoyi ne da suka kumbura. Ita kuwa wannan tsaga ce ƙarama a fatar bakin dubura, galibi ta wajen baya. Likitocin Larabawa sun kira ta shuƙaƙul maƙ'ada, kuma Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya yi mata fasali a cikin Alƙanun.

Fasali a kan sababinta. Asalinta bushewar bayan gida ne da yunƙuri. Mutum ya yini a rana bai sha ruwa ba, ko ya riƙe bayan gida don kada ya tashi daga gaban malam, sai ya taurare ya keta fata. Gudawa mai tsawo tana kawo ta, haka haihuwa, haka shan tiramadol da kodin, don suna ɗaure ciki. Alamarta zafi kamar yankan aska lokacin fita, sannan raɗaɗi ya zauna sa'a ɗaya ko fiye, da ɗan jini ja wur.

Ka lura da wannan, don a nan sirrin cutar yake. Akwai tsoka mai zagaye da bakin dubura. Idan zafi ya zo sai ta matse, idan ta matse jini ya kasa isa ga miki, mikin da ba ya samun jini kuwa ba ya warkewa. Mai cutar ya ji tsoron shiga bayi, bayan gida ya ƙara tauri, ya sake keta wurin.

Fasali a kan magani. Farkonsa tausasa ciki: yawan ruwa, da miyar kuka da kuɓewa, da zogale da rama da wake, da dabinon Dutse, da tsamiya. Ya zauna cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, don ɗumi yana sassauta tsokar. Ya yi tsarki da ruwa, ya bar dutse da kara. Sabuwar tsaga galibi da wannan take warkewa cikin makonni kaɗan. Kada ya sha filasko da yawa, gudawa ma keta take yi. Kada kuma ya bari a sa masa aska ko wuta a gida. Wannan ɓarna ce.

Idan ta wuce mako 6 zuwa 8, ya tafi asibiti, kamar na Rasheed Shekoni a Dutse. Suna da man shafawa mai sakin tsokar, nitrogilisarin ko diltiyazem, na farkon yakan sa ciwon kai. Idan ya ƙi, likita ya yanka gefen tsokar kaɗan, fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, sai dai wasu kaɗan riƙon tusa yakan yi musu wuya.

Tanbihi. Wanda ya ga baƙin jini, ko ruɓa da zazzaɓi, ko rama, ko jini ya fara masa bayan shekara 40, kada ya jira, don wata cuta tana iya ɓuya a bayan wannan.

Mas'ala. A mazhabar Imamu Malik, jinin da ya fito shi kaɗai, ba tare da ƙazanta ba, ba ya warware alwala, don ba shi ne abin da ya saba fita ba. Abin da ya taɓa tufa ƙasa da faɗin dirhami an yi rangwame a kansa, ya yi sallarsa. Wallahu a'alamu.