Ciwon dajin fankiriyas a Haj Yusuf: aikin da ke kan iyali daga ranar sakamako zuwa kimo na farko

Kafin yaƙin Sudan, idan aka gano ciwon daji a jikin wani mazaunin Haj Yusuf, unguwar da ke gabashin kogin Nilu, hanyar da aka fi bi ita ce: a haye gada zuwa asibitin Zarra da ke tsakiyar Khartum, wanda aka buɗe a 1967. Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya tsayar da aikin asibitin. Majinyata suka koma cibiyar Wad Madani, ita ma ta faɗa hannun RSF a Disamban shekarar, sai aka watsu zuwa Marawi da Shandi da Port Sudan.

Sojoji sun karɓe Khartum a Maris na 2025, amma asibitoci a hankali suke farfaɗowa. Majinyaci kan yi hoto a wani gari, ya ga likita a wani, ya karɓi magani a na uku. Iyali ne kaɗai ke tare da shi a duk waɗannan wurare, shi ya sa abin da suka sani yake da tasiri a kan jinyar.

Wace cuta ce?

Fankiriyas, wadda ake kira bankiriyas da Larabci, wata gaɓa ce mai tsawon kusan santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin mai daidaita sukarin jini. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna cewa a 2022 mutum sama da 500,000 suka kamu da dajin wannan gaɓa, sama da 460,000 kuma suka rasu.

Cutar ba ta cika nuna kanta da wuri ba. Alamominta sun haɗa da rama, rashin son abinci, ciwo a saman ciki mai sukar baya, da ciwon sukari da ya bayyana kwatsam ga babban mutum. Idan ƙarin ya toshe hanyar ruwan maɗaciya, ido yakan yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. A nan ake ɓata lokaci, domin a gida sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Babban mutum da idonsa ya yi rawaya yana kuma ramewa, hoton ciki yake buƙata. Hoton CT da gwajin ɗan naman da aka tsakuro su ne ke tabbatar da cutar. Gwajin jini na CA 19-9 shi kaɗai ba ya isa.

Tiyata ce ke ba da damar warkewa, amma kusan mutum 1 cikin 5 ne ake ganowa a lokacin da za ta yiwu. Sauran ana ba su kimo, wanda a Sudan ake kira kimawi, don rage ƙarfin cutar, sauƙaƙa ciwo da ƙara kwanaki masu daɗi.

A faɗa masa, ko a ɓoye?

Iyalai da yawa kan roƙi likita kada ya ambaci sunan cutar a gaban mai ita. Tausayi ne ke sa haka, sai dai wanda ake ɗura wa kimo yakan gane da kansa, ya kuma zauna da tsoronsa shi kaɗai. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi ko yana son jin komai, ko ya fi so a yi magana da babban ɗansa ko matarsa. Wanda ya san halin da yake ciki yana iya zaɓen inda za a yi masa jinya, ya shirya bashi da wasiyya, ya nemi ganin waɗanda yaƙi ya raba shi da su.

A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe takardu: sakamakon gwaji, faifan hoto, sunan kowane magani da ranar da aka ba da shi. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan uwa. A gaban likita a tambaya: tiyata za ta yiwu? Mene ne manufar kimon? Maganin zagaye na gaba yana nan, ko sai an nemo? Wa za a kira cikin dare?

Makonnin farko na kimo

Masu ƙarfin jiki akan ba su haɗin FOLFIRINOX duk bayan mako 2. Wasu kuma gemcitabine, sau ɗaya a mako har mako 3, sannan a huta mako ɗaya. Idan akwai shawara mai tsanani, akan fara sa ɗan bututu a buɗe hanyar maɗaciya kafin kimo.

Babban haɗari shi ne zazzaɓi. Kimo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗuri. Idan zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a take, ko da tsakar dare. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a kanti. Tun kafin ranar a tanadi ma'aunin zafi, a san asibiti mafi kusa da ke aiki, kamar Alban Jadid a Haj Yusuf ko Al-Nau a Omdurman, a kuma san mai motar da za a kira. Kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi su ma na gaggawa ne, domin wannan cuta tana sa jini ya daskare a jijiya.

Gudawa da amai suna busar da jiki da sauri. A garin da kwalara ta yi ɓarna a 2025, ruwan shan majinyaci a tafasa shi, a ajiye ruwan gishiri da sukari a kusa. Maganin oxaliplatin da ke cikin FOLFIRINOX yana sa sanyi ya riƙa tsira wa mutum a yatsu da maƙogwaro, don haka duk zafin Khartum a guji ruwan ƙanƙara na ƴan kwanaki bayan ɗuri.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: kunu, madida, asida mai laushi, ƙwai, kifi. Ba a tilasta masa, ba a yi masa faɗa kan tuwon da ya bari. Idan bayan gida yana maiƙo kuma rama na ƙaruwa, likita kan rubuta ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon, ana sha tare da loma ta farko. Daga jikin alade ake samo su, kuma malamai da dama sun halatta su bisa larura, don haka gara a tattauna da malami da a daina sha a ɓoye. Duk wani sassaƙe ko jiƙo a sanar da likita, saboda wasu suna wahalar da hanta.

Ciwo da mai jinya

Jure ciwo ba ya ƙara lafiya. Morfin da likita ya rubuta ba alamar ƙarshe ba ce, yana ba mutum damar barci da ci da salla. Ana iya fara kulawar sauƙaƙa ciwo tare da kimo tun ranar farko.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa mace ɗaya ce ke kwana da majinyaci, ta dafa, ta wanke, har ita ma ta kwanta. A raba aiki: wannan rakiya, wancan neman magani, na Saudiyya ko Kano ya turo kuɗi ta Bankak. Masu dubiya su wanke hannu, su taƙaita zama, mai mura kuma ya gaida shi ta waya har sai ya warke.