Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Ɗan Wasan Da Ya Ji Rauni Ya Koma Fili?

Duk wanda ya saba kallon tamaula da la'asar a filayen makarantu da na unguwannin Suleja ya san wannan al'amari. Yaro ya faɗi ya gurɗe, a janye shi gefe a zuba masa ruwa. Da abokansa sun ga ana neman cin su saboda ba su cika ba, sai su dame shi da roƙo ya daure ya komo. Sau da yawa yakan komo yana ɗingishi, ciwon kwana biyu ya zama jinyar watanni.

Akwai wasan da ya yi wa wannan matsala doka sosai, wato sofbol, ɗan'uwan besbol, wanda aka ƙago a birnin Shikago na Amurka a 1887. Ana jefo ƙwallo ne mutum ya maka ta da kulki ya ruga, kuma 'yan wasa suna bugu bi da bi, bisa jerin sunayen da aka miƙa wa alƙali. Kowane gefe mutum 9 ne, ko 10 a irin wanda ake jifa a hankali.

Bisa dokar hukumar USA Softball, idan mutum ya ji rauni, ba kuwa mai canjinsa, ƙungiyarsa tana iya ci gaba da giɓin mutum ɗaya. Amma duk lokacin da layi ya zo kan sunansa, sai a rubuta musu faɗuwa ɗaya, alhali faɗuwa uku ke ƙare zagayen bugunsu. Sa'an nan wanda ya fita ta wannan hanya ba shi komowa a wasan ranar, sai fa wanda aka fitar don a tsai da jini a ɗaure masa ciwo. Da haka an toshe ƙofar wayo, an kuma ɗauke wa majinyaci nauyin roƙon abokai.

A tamaula kuwa, wanda aka yi wa magani a gefe yana iya komowa da iznin alƙali, kuma ba a ci gaba da wasa idan gefe ɗaya ya kasa mutum 7. An ga illar daurewa tun da daɗewa. A 1956 mai tsaron gidan Manchester City, Bert Trautmann, ya ƙarasa wasan ƙarshe na Kofin FA, sai bayan kwanaki aka gano wuyansa ya karye. A gasar Kofin Duniya ta 1970 a Meziko, Franz Beckenbauer ya ci gaba da karawa da Italiya da gocewar kafaɗa, hannu a ɗaure, domin Jamus ta Yamma ta riga ta ƙare canjinta biyu. Sai a 2024 aka tabbatar a dokar tamaula cewa masu shirya gasa suna iya ba da ƙarin canji saboda wanda ya bugu a kai, shi kuma ba ya komowa.

Ya kamata malaman wasanni da masu shirya gasar unguwanni a Suleja su ari wannan hikima, su shimfiɗa sharaɗi tun kafin a busa usur: wanda ya fita da rauni, musamman na kai, ya huta ke nan. Kofi ana sake sa shi baɗi, amma lafiya ita ce uwar jiki.