Karatun Yara A Gida Da Rabon Ɗawainiya Tsakanin Iyaye

Duk wanda ya tsaya da sassafe a Ƙofar Kwaya, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, inda aka buɗe gadar ƙasa a shekarar 2023, zai ga ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna ta kai da komo. Abin da ba zai gani ba shi ne aikin da aka riga aka yi a cikin gidaje kafin waɗannan mutane su fito, da kuma wanda ke jiran su idan sun dawo. Mun shirya wannan bayani ne domin jawo hankalin magidanta da iyaye mata kan yadda karatun yara a gida yake gogayya da aikin gida da neman abinci da tarbiyya, da kuma wanda ke ɗaukar asara idan aka kasa daidaita su.

Abin da muke nufi da karatun gida

A wasu ƙasashe, karatun gida yana nufin iyaye su cire ɗansu daga makaranta baki ɗaya su koyar da shi da kansu. A Amurka doka ta yarda da haka a dukkan jihohi 50, a Ingila ma an yarda muddin yaron yana samun ilimin da ya dace da shekarunsa. Jamus kuwa ta haramta, Faransa kuma tun daga 2022 sai iyaye sun nemi izinin hukuma. A nan Nijeriya, Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko majiɓinci ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara tara, kuma kyauta. Dokar ta tanadi gargaɗi a karo na farko ga wanda ya ƙi, sannan tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Saboda haka a wajenmu karatun gida ba ya maye gurbin makaranta. Ƙari ne a kanta: bitar darasi, yin jingar da malami ya bayar, tilawa da muraja'ar hadda, da koyar da yaro alwala da salla da ladabin zama da mutane.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Katsina. Tun zamanin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, a zauren malami ake ɗaukar karatu, kuma matan malamai da yawa su ne ke biya wa ƙananan yara allo a cikin gida. Haka kuma a ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har garuruwansu. Abin lura a tsarinta shi ne dattawan mata da 'yan mata ƙanana ne ke yin tafiyar, domin an san matar aure mai goyo da girki ba ta da wannan sarari. Wato tun a wancan lokaci an gane cewa karatu yana buƙatar wanda aka sauke wa wani nauyi.

Darasin shekarar 2020

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a faɗin ƙasa saboda annobar korona, kuma sai bayan watanni aka sake buɗewa. An riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin. Ba a daɗe da komawa ba, a daren 11 ga Disamba na wannan shekarar, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantun kwana a jihar. A shekara guda, iyaye da yawa suka wayi gari su ne malaman 'ya'yansu ba tare da shiri ba. Rediyo yana iya kawo darasi har tsakar gida, amma ba ya iya zaunar da yaro ɗan shekara bakwai, ba ya duba ko ya rubuta daidai. Wannan sai mutum, kuma a mafi yawan gidaje mutumin ita ce uwa.

Ranar uwa ɗaya ce, ayyukanta kuwa huɗu

Mu dubi yadda yini ke tafiya a gidan talaka a unguwanninmu. Daga asuba akwai hura wuta, dama koko, yi wa yara wanka da sallamar su makaranta. Sannan shara, wanke-wanke, wanki, jiran mai garuwa idan famfo bai kawo ruwa ba, da ɗora sanwar rana. Yara su dawo daga boko, su ci abinci, su wuce Islamiyya ko makarantar allo, su dawo gab da magariba, lokacin da tuwon dare ke kan wuta. A tsakanin waɗannan ne uwa ke yin sana'arta: suyar ƙosai ko awara, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗinkin hula, kitso, ko sayar da kayan miya. Wadda ke aikin gwamnati ko koyarwa ko aikin asibiti kuwa, idan ta taso duk waɗannan na jiran ta.

Kada a raina sana'ar cikin gida. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa da ke kusa da birnin nan a ƙarshen shekarun 1960, ta kuma bayyana cewa cinikin da mata ke yi daga ɗakunansu, musamman na hatsi, kasuwa ce sosai ko da yake ba a ganin rumfunanta. Bayan ta, a shekarun 1970, Enid Schildkrout ta yi nazari a cikin birnin Kano, ta nuna cewa wannan kasuwa a kan ƙafar yara take tafiya: su ne ke sayo kaya, su kai saƙo, su yi talla, su karɓo bashi. A nan matsalar take. Uwa na buƙatar ribar sana'a don ta zuba adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, wani lokaci ma ta cike gurbin cefane. Sana'ar kuma na buƙatar yaro. Yaron nan, galibi, ita ce babbar ɗiya mace.

Idan muka ce an kasa daidaita ayyuka a gida, ba wai tuwo ne ba a tuƙa ba. Tuwo ana tuƙa shi kullum, domin yunwa ba ta jira. Wanki ma ana yi. Abin da ake ɗagawa zuwa gobe shi ne karatu, saboda asararsa ba ta bayyana a ranar. Yarinya ta yi fashin safiya ɗaya don rainon ƙaninta, ta makara wata rana don ba ta sayar da ƙosai da wuri ba, da dare kuma ta ɗauki littafi barci ya kwashe ta. Babu wanda ya yanke shawarar cire ta daga makaranta, amma sai a kai aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, daga nan kunya ta sa ta fara gudun aji. 'Yan'uwanta maza kuwa, waɗanda ba a cika sa su wanke-wanke ba, suna da sa'o'in da ita ba ta da su, ko da a ƙwallo suke ƙarar da su.

Rabon maigida

A ganinmu, gyaran yana farawa ne daga maigida, domin shi ne mai sararin da ba a lissafa ba. Lokacin da ke tsakanin magariba da isha'i, da ɗan abin da ya biyo baya, yawanci a majalisa ko wajen mai shayi yake ƙarewa. Rabin sa'a daga ciki, a kan tabarma da fitila, ta ishi uba ya saurari tilawar yaro ya kuma duba littafinsa na makaranta. Ba sharaɗi ba ne sai uban ya yi boko mai zurfi. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya sa yaro ya karanta masa da ƙarfi cikin Hausa, ya tambaye shi ma'anar abin da ya karanta. Yaron da ya san za a tambaye shi daban yake da wanda ya san babu mai tambaya. Shirin RANA, wanda aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara ƙarƙashin Shirin Ilimin 'Ya'ya Mata na UNICEF, ya ginu ne kan koyar da karatu da lissafi da harshen Hausa a azuzuwan farko, kuma amfanin haka ga gida shi ne iyaye na iya bin abin da yaro ke koya.

Bugu da ƙari, cefane isasshe yana rage wa uwa dogaro da tallar yarinya. Inda sana'a ta zama dole, ana iya mayar da ita ta ƙofar gida, masu saye su zo da kansu, ko a ba mai shago sari, ko a taƙaita aiken yara zuwa ranakun da babu makaranta. Aiken kuma a raba shi tsakanin maza da mata. Yaro namiji da ya ɗebo ruwa, ya kai niƙa, ya share tsakar gida, bai rage komai daga mutuncinsa ba.

A gidajen da ake zaune da yawa, akwai wata dama da ba a cika amfani da ita ba. Inda ake rabon girki, wadda ba ranar girkinta ba tana iya tara yaran gidan duka don bita. Kaka da ta daina aikin ƙarfi tana iya riƙe jariri na sa'a guda. Ɗalibin sakandare ko na kwaleji da ke gidan yana iya biya wa ƙannensa. Maƙwabta uku ko huɗu ma na iya yin karɓa-karɓa, kamar yadda ake yi a adashi, kowace uwa ta ɗauki yamma ɗaya.

Inda za a kai kuka

Makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, kuma an tsara kowace makaranta ta kasance da kwamitin kula da ita wanda ya ƙunshi iyaye maza da mata da shugabannin unguwa. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 don taimaka wa 'yan mata su kammala sakandare. Uwar da ta ga 'yarta na yawan fashi saboda raino ko talla, ko uban da ya lura ɗansa ya kai aji uku bai iya karatu ba, su je wurin shugaban makaranta tun a zangon da abin ya fara, su nemi ganin rajistar halarta, su kuma tambayi malamin aji shafukan da ya kamata a riƙa bita a gida.