Labarin Zane a Jaridu da Littattafai: Tarihinsa da Matsayinsa a Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera zane-zane cikin ƙananan gidaje, kowane gida na ɗauke da wani mataki na labarin, maganar taurari kuwa a rubuce cikin da'ira kusa da bakinsu. Ya bambanta da zanen barkwanci mai gida ɗaya, wanda galibi sharhi ne kan siyasa. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan fasaha, sannan ta nuna abin da manazarcin harshe zai tsinta a cikinta.

2.0 Asali

Masana da dama suna danganta asalin labarin zane na zamani ga Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a Janeba, wanda ya buga littattafansa a shekarun 1830. Jaridun Amurka ne suka mayar da shi abin kasuwa. A 1895 jaridar New York World ta fara buga zanen Richard Outcault mai tauraro Yellow Kid, gasar neman masu karatu kuma ta sa sauran jaridu suka bi sahu. Tintin ya bayyana a Beljiyam a 1929. Da farko littattafan zane tarin abin da jaridu suka riga suka buga ne, kamar Famous Funnies na 1934, kafin fitowar Superman a 1938 ta tabbatar da cewa sabon labari ma zai sayu.

3.0 Nijeriya da Ƙasar Hausa

A Legas, Akinola Lasekan ya yi amfani da zanen barkwanci wajen sukar mulkin mallaka a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. A ƙarshen shekarun 1960 mujallar African Film ta yaɗu da labarin Lance Spearman, wanda aka tsara da hotuna maimakon zane. A 1976 kuma Wale Adenuga ya fitar da Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya samo asali.

A Arewa, ginshiƙin ɗab'in Hausa a Zariya aka kafa shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta Jihar Neja ta yanzu, wadda Minna ce hedikwatarta. Kamfanin Gaskiya da Hukumar NORLA sun samar da maɗaba'a da masu zane, yaƙi da jahilci kuma ya samar da sababbin masu karatu waɗanda zane ke sauƙaƙa wa fahimta. 

4.0 Harshen Labarin Zane

Da yake gidan zane ƙarami ne, dole magana ta zo a taƙaice, kuma yadda ake furta ta. Don haka ake samun abubuwa uku da zube ba ya cika adanawa. Na farko, amsa-kama irin su tim da fau da tsulum sukan tsaya su kaɗai ba tare da aikatau ba, domin zanen ya riga ya nuna aikin. Na biyu, karin harshe da Hausar baƙi sukan zama alamar gane tauraro. Na uku, da yake da hannu ake rubuta maganar, takan nuna yadda mai zane ke raba kalmomi da sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ba yadda edita ya gyara ba.

5.0 Kammalawa

An buga waɗannan ayyuka a takarda mai arha, mai saurin ruɓewa, masu karatu kuma ba su ɗauke su abin ajiya ba. Kowane kwafi da gara ta cinye, an rasa shaida kan Hausar baka ta zamaninsa. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su bincika ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, su tattara abin da ya saura, su ɗauki hotonsa, tun kafin ya salwanta.