Tsohuwar Gadar Battersea a Idon Whistler

Yau zane za mu kalla, amma da kunne. Mai shi James Whistler ne, Ba'amurken da ya yi zamansa a unguwar Chelsea ta birnin Landan. A farkon shekarun 1870 ya zana tsohuwar gadar Battersea, gadar katako a kan kogin Tems.

Ku ƙaddara almuru ta wuce, duhu bai gama rufewa ba. Sama da ruwa sun rine shuɗi-shuɗi, da ƙyar ido ke raba su. Ginshiƙi guda ya miƙe, ya ɗaga gadar can ƙololuwa. Masu tsallakewa a kanta ba fuska, ba kamanni, inuwoyi ne kawai. A gindin ginshiƙin ga wani mutum shi kaɗai cikin jirginsa. Can nesa fitilun gari na ƙyalli, tartsatsin wasan wuta yana zubowa ruwan zinariya.

To, gadar gaske ba ta kai wannan tsayi ba. Da gangan ya ja ta sama, dabarar da ya ɗauko daga masu zanen Japan irin su Hiroshige. Kuma a ganina bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙarƙashin gada a kwalekwale da dare ya san yadda take yi wa mutum kwarjini. Whistler kan shiga kogin da dare ya ƙura ido, ya haddace abin da ya gani, sannan ya koma ɗaki ya shafa fenti tsararo, shafi kan shafi.

Ba kowa abin ya burge ba. Shahararren mai sharhi John Ruskin ya caccaki wani zanensa, Whistler ya maka shi kotu. A zaman shari'ar na 1878 aka shigo da wannan hoton gadar Battersea, alƙali ya nemi a nuna masa inda gadar take, aka bushe da dariya. Whistler ya ci shari'a, amma rubu'in kobo kacal aka ba shi diyya. Shekara na zagayowa ya tsiyace.

A 1885 aka rushe gadar. A 1905, shekara biyu bayan rasuwar Whistler, zanen ya shiga gidan adana zane-zane na Tate a Landan.